Me ke hana amfilifaya ƙara wa rediyo ƙarfi?

Masu sha'awar sadarwa ta rediyo, waɗanda ke magana da juna daga gidajensu bisa lasisin hukuma, kan haɗa na'urar aikawa da karɓar saƙo da amfilifaya domin muryarsu ta yi nisa.

Galibin waɗannan na'urori, irin na Icom da Yaesu, wat 100 suke fitarwa, amfilifaya kuma ta ninka shi. A Amurka, doka ta tsayar da iyaka a wat 1,500.

Sai dai idan ƙarfin ya faɗi, sau da yawa amfilifayar lafiyarta ƙalau, matsalar tana tsakanin na'urorin biyu ne.

Akwai wayar da ake kira ALC, wadda ta cikinta amfilifaya ke umartar rediyon ya sassauta. Idan ba a daidaita ta ba, sai ya riƙa janye ƙarfinsa babu dalili. Haka yake yi don kare kansa idan lalataccen kebul na mayar masa da ƙarfin da ya tura.

Shi ya sa ƙwararru kan fara cire amfilifayar, su auna rediyon shi kaɗai. In ya kasa kai wat 100, sai a duba ko wutarsa ta cika bolt 13.8.