Kwana 437 a Tashar Mir: Binciken Dokta Polyakov da Kuɗin da Suka Riƙe Shi

A ranar 8 ga watan Janairu na 1994, kumbon Soyuz TM-18 ya tashi daga filin Baikonur da ke ƙasar Kazakistan, ɗauke da 'yan sama jannati uku na ƙasar Rasha, watau Viktor Afanasyev da Yuri Usachov da kuma wani likita mai suna Valeri Polyakov. Biyun farko sun dawo cikin watan Yuli. Shi kuwa likitan bai sake taka ƙasa ba sai ranar 22 ga Maris na 1995, bayan kwana 437, kusan dukkansu a cikin tashar Mir, wadda ke zagaya duniya sau ɗaya a kowane minti 90 ko kusa da haka. Har yanzu babu wanda ya yi zama guda mai wannan tsawo a sararin samaniya.

Abin da aka je nema shi ne ko jikin ɗan Adam zai jure tafiya zuwa duniyar Mars, wadda ke cin watanni masu yawa. Inda babu nauyi, ƙasusuwan ƙugu da na ƙafa sukan zaizaye da kimanin kashi 1 cikin ɗari a kowane wata, tsokoki su saki, jini kuma ya taru a ƙirji da kai maimakon ya sauka ƙafafu. Saboda haka Dokta Polyakov, wanda ma'aikaci ne a cibiyar nazarin lafiyar 'yan sama jannati da ke Mosko, ya mai da kansa abin gwaji. Yakan motsa jiki na kamar sa'a biyu a kullum, a kan keke ko a kan injin gudu da ake ɗaure mutum a jikinsa da maɗauri, ana kuma auna jininsa da zuciyarsa da natsuwar tunaninsa. Sakamakon ya nuna cewa makonnin farko a sama da na farko bayan dawowa su ne masu wuya, amma a tsakani hankalinsa bai raunana ba. Da kumbon ya sauka, da ƙafarsa ya taka 'yan taku zuwa kujerar da aka ajiye masa, alhali kuwa ɗaukar mutane aka saba yi.

Sai dai a daidai lokacin da likitan ke wannan aiki, tattalin arzikin ƙasar da ta aike shi yana cikin mawuyacin hali. Tarayyar Sobiyet ce ta harba ɓangaren farko na Mir a watan Fabrairu na 1986, ita kuwa ta rushe a watan Disamba na 1991. Filin Baikonur ya koma hannun Kazakistan, kuma a watan Maris na 1994 Rasha ta amince ta riƙa biyan hayarsa dala miliyan 115 a shekara. A ranar 11 ga Oktoba na wannan shekara, kuɗin ƙasar, Rubul, ya zubar da kimanin rubu'in darajarsa a yini guda.

Tashar kuwa ba ta jiran kasafin kuɗi. Abinci da mai da kayan gyara duk sai an kai su da kumbon dakon kaya mai suna Progress, wanda ba ya ɗaukar abin da ya kai tan uku. Shi ya sa ake tara gumi da tururin numfashi daga iskar tashar a tace su su koma ruwan sha, wata na'ura mai suna Elektron kuma tana fitar da iskar shaƙa daga ruwa. A ƙarshen watan Agusta na 1994 kumbon Progress M-24 ya kasa haɗewa da tashar har sau biyu, a karo na biyu ma ya bugi jikinta. Da an rasa kayan da ke cikinsa, mai yiwuwa da an sauko da mutanen, binciken kuma ya yanke bai kai wata tara ba. A ranar 2 ga Satumba, Yuri Malenchenko ya sarrafa kumbon da hannu daga cikin tashar, ya haɗa shi lafiya.

Mafitar da Rasha ta samu ita ce sayar da gurbin zama. Tun a watan Disamba na 1990 gidan talabijin na TBS ya biya kuɗi aka kai ɗan jaridar Japan, Toyohiro Akiyama. A watan Oktoba na 1994 hukumar sararin samaniya ta Turai ta aika Bajamushe Ulf Merbold, ya yi kimanin wata guda tare da Dokta Polyakov. Amma babban ciniki shi ne na hukumar NASA ta Amurka, wadda ta sa hannu a kan kwangilar dala miliyan 400 a watan Yuni na 1994. Ba kyauta Amurka ta yi ba. Tun da ayarin ƙarshe ya bar tasharta ta Skylab a 1974 ba ta da wurin dogon zama a sama, jiragenta kuma ba sa wuce mako biyu da 'yan kwanaki. Bugu da ƙari, tana fargabar kada injiniyoyin roka na Rasha, waɗanda albashinsu ya zama ba a bakin komai ba, su sayar da iliminsu ga wasu ƙasashe. Ba'amurke na farko, Norman Thagard, ya isa Mir 'yan kwanaki kafin saukowar likitan, kuma zuwa 1998 Amurkawa bakwai ne suka yi dogon zama a can.

Ilimin da aka tara ya shiga aikin tashar ƙasa da ƙasa, wadda ɓangarenta na farko, Zarya, Rasha ta ƙera da kuɗin Amurka aka harba shi a watan Nuwamba na 1998. Likitoci masu kula da tsofaffi da majinyatan da suka daɗe a kwance su ma sun amfana, domin ƙasusuwan irin waɗannan mutane suna raunana ta hanya mai kama da wannan. Rasha ba ta iya ɗaukar nauyin tashoshi biyu ba, don haka a ranar 23 ga Maris na 2001 aka sauko da Mir, ta ƙone a cikin iska, ɓaraguzanta suka faɗa kudancin tekun Fasifik. Dokta Polyakov ya rasu a watan Satumba na 2022 yana da shekara 80.