Taliyar Japan da taliyar murji: me ake saya a kwanon udon?

A shekarar 2021 kamfanin Marugame na ƙasar Japan ya buɗe gidan cin abincinsa na farko a Landan, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Street. Abin da ake sayarwa a ciki shi ne udon, wata farar taliya mai kauri da danƙo, wadda ba a sa mata komai sai garin alkama da gishiri da ruwa. Duk macen da ta taɓa murza taliya a Gumel ko Sule Tankarkar ta san waɗannan abubuwa uku, domin da su take kwaɓi. To me ya sa taliyar Japanawa ta ƙetare teku har ana yi mata layi a Turai, tamu kuwa tana ta ja da baya a gaban indomi ko a tashar motar garinmu? A ganina sirrin ba ya cikin kayan haɗi. Abin da mai ci yake biya wa kuɗi shi ne a yi taliyar a gabansa, a ba shi ita da zafinta, kuma ta yau ta zama daidai da ta jiya.

Tsarin cin abinci a irin wannan gida shi ne shaida ta farko. Babu ma'aikacin da zai zo kan tebur ya tambayi abin da kake so. Daga ƙofa mutum zai ɗauki faranti ya shiga layi, layin kuma ta gaban madafa yake bi, da gangan. Yana tafe yana ganin curin kwaɓin da aka ajiye ya huta, yana ganin ana daɗe shi ana yankawa, yana ganin tukunya tana tafasa. Idan ya iso gaban mai zubawa sai ya faɗi irin wadda yake so: kake, wadda ake zuba wa romo mai zafi, zaru, wadda ake wankewa da ruwan sanyi a ci ana tsomawa a miya, ko kamaage, wadda ake tsamowa daga tukunya kai tsaye da ruwan dahuwarta. Gaba kaɗan akwai tempura, wato kayan lambu ko jatan lande da aka tsoma a ƙullu aka soya. Ya biya, ya barbaɗa ganyen albasa da citta da riɗi da hannunsa, ya zauna. Zuƙar taliya da ƙara ba abin kunya ba ne a wurin Japanawa. Cikin 'yan mintuna an gama, mai ci ya mayar da kwanonsa da kansa. Gaggawar tana da dalili, don udon tana rasa danƙonta jim kaɗan bayan an tsame ta, kuma danƙon nan shi ne dukan darajarta.

Wanda ya ji sunan Japan yakan ɗauka abincin masu hali ne, alhali asalinsa na manoma ne. Cibiyar wannan taliya ita ce Kagawa, a tsibirin Shikoku, yankin da ake kira Sanuki a dā. Ruwan sama ba shi da yawa a can idan aka gwada da sauran Japan, shinkafa takan yi gardama, sai mutane suka riƙe alkama. Bakin tekunsu yana ba da gishiri, tsibirin Ibuki yana ba da ƙananan busassun kifi na romo, tsibirin Shodoshima kuma yana yin ruwan waken suya mai gishiri da ke ba romon launi. Abin da ke kusa suka haɗa. Masu sana'ar sukan naɗe kwaɓin su tattake shi da ƙafa saboda taurinsa, sukan ƙara gishiri a lokacin zafi su rage a lokacin sanyi, kamar dai yadda mai murza taliya a nan ta san kwaɓin hunturu daban yake da na bazara. A 2011 hukumar Kagawa ta shiga tallata yankin da sunan taliyar kanta, har baƙi suna zuwa yawon ci daga shago zuwa shago.

Arewacin Jigawa ba baƙo ba ne a wannan labari, ko da yake ba kasafai ake faɗa ba. Japan kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayo shi, Nijeriya kuma tana cikin manyan masu sayar mata, Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma shi. Ba mamaki riɗin da aka auna a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ƙare a bisa kwanon udon. Wannan tsohuwar hanya ce: layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya ba Gagarawa Tasha sunanta, an shimfiɗa shi ne don kwashe amfanin gona zuwa waje. Muna tura ɗanyen kaya, wasu su yi sana'a da shi. A ɓangaren taliya ma haka ne. Taliyar leda irin indomi ta samo asali daga ƙirƙirar Momofuku Ando a Japan a 1958, ta iso mana ta hannun kamfanin Indonesiya, aka fara yin ta a garin Ota nan Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, yau ga ta a teburin kowane mai shayi. Mai shayi bai fi mai taliyar murji iya girki ba. Ya dai dafa a gabanka ya miƙo maka da tururi, ita kuwa tun safe aka dafa tata aka ɗora wa yarinya talla, kafin azahar ta yi sanyi ta cure, manja ya daskare a kai. Abin da Marugame ke yi shi mai shayi ke yi, sai dai da taliyar masana'anta.

Idan aka ce a riƙa sayar da taliyar murji irin haka, za a ce alkama ta yi tsada, kuma ƙasar Gagarawa ta gero ce da riɗi da zoɓo. Gaskiya ne, Nijeriya daga waje take shigo da mafi yawan alkamarta. Amma Kagawa kanta yawancin garin da take kwaɓawa daga alkamar Ostireliya ne, hakan bai hana ta mallakar sunan sana'ar ba. Daga baya ne ta fitar da irin alkamarta mai suna Sanuki no Yume 2000. Mu kuwa kwarin Haɗeja yana nan kusa, inda aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa a Nuwamban 2023. Za a kuma ce harshenmu ba zai karɓi romon kifi da ganyen teku ba, mu da muka saba da yaji da mai. Wannan ma haka ne, kuma akwai abin da ya fi shi nauyi: romon Japanawa sau da yawa ana sa masa mirin, ruwan shinkafa mai zaƙi da ke ɗauke da barasa, wasu kwanukan kuma da naman alade, don haka Musulmin da ya shiga irin wannan gida a Landan ko Tokyo sai ya tambaya. A Indonesiya kamfanin ya sauya kayan haɗi ya karɓi shaidar halal, ciniki bai mutu ba. Romo abin canzawa ne. Daddawa da busasshen kifin Haɗeja da romon kan sa sun ishi taliya mai kauri.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta lokaci. Indomi minti uku ne, ɗanyar taliya mai kauri takan ci minti goma ko fiye a wuta, ga tsadar itace da gawayi, kuma kwaɓi ba ya kwana a zafin bazara inda babu firiji. Direban da ya tsaya shan mai ba zai jira ba. Gidajen udon sun warware wannan ta hanyar dafawa kaɗan-kaɗan ba tsayawa, gwargwadon tsawon layi, wanda ke nufin sana'ar ba ta yiwuwa sai inda jama'a ke kwarara. Ba kowane lungu za ta zauna ba. Wurinta shi ne bakin kara a Maigatari ranar kasuwa, ko tashar Gumel da hantsi. Kwanan kwaɓi kuwa bai dami ƙananan shagunan Kagawa ba: da yawansu suna kwaɓa abin da za su iya sayarwa ne kawai, su buɗe da sassafe, idan kwaɓi ya ƙare bayan azahar su rufe ƙofa.