Ƙarfin Doki da Ƙarfin Murɗawa: Injin Niƙa da Injin Jirgin Ruwa

Yau kan inji za mu tattauna, kuma tambaya gare ni: tsakanin tsohon injin niƙa Lister mai doki 6, irin wanda muka tashi muna jin ƙararsa a Ketare da Kankara, da Yamaha mai doki 40 da ake ɗaura wa jirgin ruwa a Yauri, wanne ya fi ƙarfin murɗa sanda?

Lister ne. Ee, shi ɗin.

Ƙarfin murɗawa shi ne irin ƙarfin da kake sa wa sifana in za ka kwance noti. Shi kuwa ƙarfin doki, James Watt ne ya ƙirƙiro awonsa a ƙarni na 18, doki ɗaya wajen wat 746 ke nan. Lissafin ba wuya: ka ninka murɗawa da yawan juyin inji a minti ɗaya, ka raba da 5252, in da awon Ingila kake.

Lister juyi 650 yake yi a minti, murɗawarsa ta kai 48. Yamaha in yana juyi 5,000, tasa 42 ce kacal. To amma kafin Lister ya juya sau ɗaya, shi ya kusa yin takwas, shi ya sa aikinsa ya ninka na Lister fiye da sau shida.

A ruwa abin ya fi tsanani, domin in kana son farfela ta ninka juyinta, sai ka ba ta kusan ninki takwas na ƙarfin doki. Saboda haka gudu na doki ne. Murɗawa kuma ita ke tayar da jirgi daga tsaye da kaya a cikinsa. Akwai giya a ƙasan injin da ke rage juyi zuwa rabi, murɗawa ta ninka kafin ta isa farfela.

Inda masu jirage ke cutar kansu, a ganina, wajen zaɓen farfela ne. Ka sa ta gudu a jirgin da aka danƙara wa buhunan albasa, injin ba zai kai juyi 4,500 zuwa 5,500 da aka yi shi dominsu ba. Sai nishi, sai shan mai, dokin 40 ɗin da ka biya kuɗinsu ba za su fito duka ba. Jirgin kaya farfela mai ɗan gajeren taku yake so.