Tsawon takardar magani ba shi ne ma'aunin kulawa ba

A cibiyoyin lafiya na matakin farko, majinyata da yawa suna auna ƙwarewar jami'in lafiya ne da yawan magungunan da ya rubuta. Wanda aka sallama da magani ɗaya yakan fito yana gunaguni, wanda aka yi wa allura kuwa sai ya ce an duba shi da kyau. Wannan fahimta tana cin kuɗin magidanta, tana kuma cutar da lafiyar iyalansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan duniya ana rubuta su, ko bayar da su, ko sayar da su ba bisa ƙa'ida ba. Tun a 1993 ta fitar da ma'aunan tantance aikin ƙananan asibitoci: magunguna nawa ake rubuta wa mutum ɗaya, sau nawa ake yin allura, sau nawa ake ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da kuma ko an rubuta sunan magani na asali ko na kamfani. Mizanin da aka saba dogara da shi bai kai magani biyu ga kowane majinyaci ba.

Matsalar ta fi tsanani a cututtuka uku. Mura ba ta jin maganin kashe ƙwayoyin bakteriya irin su amoksisilin, domin bairos ke haddasa ta. Gudawar yara galibi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink take buƙata. Zazzaɓi kuwa, tun 2010 hukumar ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin cizon sauro, domin ba kowane zafin jiki ne maleriya ba.

Duk lokacin da aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da dalili ba, ƙwayoyin kan samu damar bijire masa, har ya daina aiki ranar da ake matuƙar buƙatarsa. A 2019 wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 1.27 a duniya.

Majinyaci yana da haƙƙin tambayar amfanin kowane magani, da kwanakin da zai sha shi, da ko akwai irinsa mai sunan asali da ya fi araha. Idan jami'in lafiya ya ce ba a buƙatar allura, ya kamata a yarda da shawararsa maimakon a zarce kemis a nema.