Ƙaramin Jirgin Sama da Halin Iskar Ƙasarmu

Jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya a Kano cikin shekarar 1925, sa'ad da jirage uku na mayaƙan Ingila suka taso daga Masar. A 1964 kuwa aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, har yau tana nan tana koyarwa. Abin da za a bayyana a nan kaɗan ne daga cikin karatun farko da ake yi wa ɗalibi a irin wannan makaranta. Ya kamata Hakimai da malamansu su san shi, domin in jan-baki suka faɗa wa gonakin gero da shinkafa a ƙasar Sanyinna ko Tambuwal ko Kebbe, ƙaramin jirgi ne a kan aiko ya yi feshi. In ya yi jinkiri kuwa, wurin Hakimi talakawa za su zo neman dalili.

Abin da ke ɗaga jirgi shi ne fiffikensa. An ƙera shi da ɗan lanƙwasa, gabansa ya ɗan fi bayansa ɗaguwa. In farfela ta ja jirgi ya yi gudu, sai fiffike ya riƙa karkatar da iska zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Ƙaramin jirgi mai kujera huɗu sai ya kai kamar mil 60 a awa kafin ya rabu da ƙasa. In gudunsa ya ragu ƙwarai, ko matuƙi ya ɗaga hancinsa fiye da kima, iska ta kan daina bin fiffike, jirgin ya fara zubewa. Ana koya wa ɗalibi maganin wannan tun da wuri, watau ya sunkuyar da hanci ya ƙara wuta. Kullum kuma jirgi ya kan fuskanci iska wajen tashi da sauka, yadda shirwa ke yi. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma.

To, ga inda ƙasarmu ke ba matuƙa wahala. Iska in ta yi zafi ta kan saki, nauyinta ya ragu. Fiffike ba ya samun abin dogara sosai, inji ma ƙarfinsa ya kan ragu, don da iska yake ƙone mai. Matuƙa suna da lissafi a kan haka: ma'aunin da aka ɗauka daidai shi ne digiri 15 a bakin teku, yana raguwa da digiri 2 ga kowace ƙafa 1,000 da aka hau. Duk digiri ɗaya da zafi ya haura wannan, jirgi ya kan ji kamar an ƙara masa tsayin ƙafa 120. Filin jirgin Sakkwato yana kan tsayin ƙafa 1,000 da 'yan kai. Da tsakar rana a watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 40, jirgin da ke can zai ji kamar daga tsayin ƙafa 4,200 yake tashi, watau kusan tsayin tudun Jos. Sai ya ci fili mai tsawo kafin ya ɗaga, ya kuma hau sama da ƙyar, balle in tankinsa cike yake da magani. Saboda haka in aka ji matuƙi ya ce sai da asuba ko da la'asar sakaliya, ba lalaci ba ne. Ga aikin jan-baki ma yamma ta fi, don a lokacin ne tsuntsayen ke taruwa a makwancinsu.

Hazon hunturu shi ma ya kan hana tafiya. Sabon matuƙi da ido yake tuƙi, yana duban ƙasa da gindin sama, doka kuwa ta fi son ya iya hangen kilomita 5. Hazo mai kauri ya kan rage wannan ya koma ƙasa da kilomita ɗaya. Wanda ya daina ganin gindin sama yana iya karkacewa alhali jikinsa na gaya masa a miƙe yake, kuma wannan ya hallaka matuƙa da yawa a duniya. Hadarin gabas kuwa, ba ƙaramin jirgin da ke kusantarsa.

In ta kama jirgi ya yi saukar dole a gona ko a fako, Dagaci ya hana jama'a yin dafifi, a kore yara da dabbobi nesa. Kada kowa ya je ta gaban jirgi. Farfela in tana juyawa ba a ganinta, in ta tsaya ma kada a taɓa ta, don juyi ɗaya da hannu yana iya tayar da inji. Kada a sha taba ko a kunna wuta kusa. Malamin Hakimi ya rubuta lokacin saukar da harufan da ke jikin jirgin, ya sanar da 'yan sanda da Ƙaramar Hukuma nan take. Inda aka yi feshi kuma, a yi shela kada a tsinci matattun tsuntsaye a ci ko a kai kasuwa, gama maganin guba ne ga mutum da dabba.