Yaƙi da maguɗi cikin gasar wasannin kwamfuta

Wasannin da samari ke yi da kwamfuta ta hanyar intanet sun zama sana'a mai kawo dukiya. A shekara ta 2019, a birnin New York, wani yaro ɗan shekara 16 ya ci gasar duniya ta wasan Fortnite, ya karɓi dalar Amurka miliyan 3. Inda kuɗi suka taru kuwa, maha'inta ba su nisa.

A da, mai maguɗi yakan ɓoye wata manhaja cikin kwamfutarsa don ta gyara masa saiti. Da kamfanoni suka ƙware wajen gano irin wannan, sai maha'inta suka koma ga na'urori. Akwai ƙananan akwatuna irin su Cronus Zen da XIM, waɗanda ake sawa tsakanin hannun mai wasa da injin. Su ne ke hana bindigar cikin wasa girgiza. Akwai kuma wani kati da ake kira DMA, wanda ya fi su haɗari. Ana cusa shi cikin kwamfuta, ya karanta abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, ya aika ga kwamfuta ta biyu. Nan mai maguɗi ke ganin abokan gaba ko da suna bayan bango. Da yake aikin ha'incin yana gudana ne a cikin injin na biyu, mai gadin da ke cikin na farko ba ya ganinsa da sauƙi.

To, wane mataki kamfanoni suka ɗauka? A 2020 Riot Games ya fito da Vanguard, mai gadin wasan Valorant, wanda ke tashi tare da kwamfutar tun daga kunnawa. A 2023 Activision ya koya wa nasa mai gadin, Ricochet, gane waɗannan akwatuna cikin Call of Duty: gargaɗi da farko, kora daga baya. A wannan shekarar kuma Ubisoft ya ɗana tarko mai suna MouseTrap cikin Rainbow Six Siege. Wanda aka kama, sai a riƙa jinkirta motsinsa kaɗan kaɗan har ribar ha'incin ta gushe. A 2025 wasan Battlefield 6 ya ƙi buɗewa a kwamfutar da ba a kunna mata kariyar Secure Boot ba.

Amma maganin yana da ɗaci. Mai gadin da ya shiga har zuciyar kwamfuta yana iya ganin abin da mai ita bai so a gani ba. Mai tsohon inji yakan rasa damar shiga gasa. Naƙasassu kuma, waɗanda ke bukatar na'urori na musamman don su yi wasa, suna tsoron a haɗa su da maha'inta.

Saboda haka nauyi biyu ke kan kamfanoni: su kori mazambaci, su kuma kiyaye haƙƙin mai gaskiya. Iyaye da malamai kuwa, nasu aikin shi ne su nuna wa yara cewa nasarar da aka saya da na'ura ba ta da albarka.