Tallafin ƴan kasuwa: wanne ne gaskiya, wanne ne ƙanzon kurege?

Duk lokacin da gwamnati za ta raba jari, kafin sanarwar ta iso Daura jita-jita ta riga ta gama gari. A kasuwar Mai'adua, a tashar mota, a teburin mai shayi, kowa da irin tasa.

Wadda ta fi ɓarna ita ce wai duk kuɗin gwamnati kyauta ne. Ba haka ba ne. TraderMoni da aka soma a 2018, zamanin marigayi Muhammadu Buhari, bashi ne marar ruwa na naira 10,000, a biya cikin wata shida, wanda ya biya a ƙara masa. Da yawa sun ɗauke shi tamkar rabon gado, balle a nan Daura da a lokacin ake cewa ai ɗanmu ne ke mulki. Kyautar ita ce naira 50,000 da gwamnatin Tinubu ta ware wa ƙananan masu sana'a miliyan ɗaya bayan cire tallafin mai a 2023. Amma naira biliyan 75 da aka sanar tare da ita, wadda aka damƙa wa Bankin Masana'antu ya bayar, rance ne mai ruwa kashi 9 cikin ɗari.

Da ake cewa mata da matasa aka fifita, wannan gaskiya ne. A tsarin naira 50,000 ɗin, kashi 70 cikin ɗari nasu ne, kashi 10 na masu buƙata ta musamman, kashi 5 na dattawa, sauran 15 na kowa. Saboda haka magidanci mai shekara hamsin bai fita ba, ƙofarsa ce ta ƙuntata. Fifikon kuma ba ya maye gurbin sana'a. Matar da ke suyar ƙosai ko yin ƙuli-ƙuli a cikin gida ta cancanta. Wadda mijinta ya ari sunanta don ya karɓe kuɗin, ita ba don irinta aka yi ba, kodayake kowa ya san ana yi.

Zancen cewa masarautar Daura na da kaso na musamman, ko kuwa an yanke mata tun da mulki ya bar gidan, duk babu shi a ƙa'ida. An tsara rabon ne a ƙananan hukumomi 774, har da Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Ɓaure. Takardar rajistar kamfani ma ba sharaɗi ba ce ga ƙaramin tallafin. Mai neman rance ne ake tambayarta.

Fom kuma ba a sayar da shi. Yaron da ke cike maka a shagon kwamfuta yana iya karɓar ladan aikinsa, amma wanda ya ce ka kawo wani abu ya sa sunanka a sama, ko ya nemi lambar da banki ya turo maka a waya, ɗan damfara ne.

Abin da ya fi kayar da mutane ba a cika zancensa ba: saɓanin suna. A katin ɗan ƙasa Hauwa'u, a BVN na banki Hauwa, ko shekarar haihuwa ta bambanta. Na'ura ba ta san hali ba, sai ta jefar da sunan, mai shi kuma ya yi ta zargin kansila. Wannan gyaran ake fara yi, a banki ko ofishin katin ɗan ƙasa, kafin a nufi SMEDAN, hukumar ƙananan sana'o'i ta tarayya, ko KASEDA, hukumar bunƙasa sana'o'i da Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa a Katsina.